Sanyi a Ɗakin Inna

Maigidana direban babbar mota ne. Shekara talatin ya yi yana bin hanyar arewa, daga Damagaram ya ratsa ta Tanut, ya wuce Agadas, ya kai Arlit, ya juyo. Ni kuma ungozoma ce a matarnite, asibitin haihuwa na garinmu Tanut, a nan na yi aikina har na ajiye. Ya kawo labarai da yawa daga hanya, wasu ya ba da su sau ɗaya ya manta, amma akwai guda wanda yaranmu suka haddace tun suna ƙanana.

Wata bazara ce zazzaɓi ya kama shi yana kan tuƙi. Da ƙyar ya kai kayan inda aka aike shi, yana saukowa daga mota ya faɗi. Mutanen kamfanin da ya kai wa kayan suka ɗauke shi, likitansu ya yi masa allura, suka kwantar da shi a gidan baƙinsu kwana uku. Ya ce da ya buɗe ido sai ya ji sanyi yana sauko masa daga sama a hankali, kamar ana lulluɓa masa zane mai laima. Ya duba bango, bai ga inji ba. Babu fanka, babu ƙara. Wasu 'yan tsage-tsage ne kawai a jikin rufi. Ya tashi yana dafa bango ya shiga ɗaki na gaba, sanyin na nan. Ya bi baranda, yana nan. Har makewayi, in ji shi, sanyin ya riga shi isa.

"Gidan gaba ɗaya numfashi yake yi," haka yake cewa, ya ɗaga hannu sama ya sauko da shi sannu a hankali. "In Allah Ya ba ni iko, irinsa zan gina mana."

Nakan yi dariya in ci gaba da tankaɗena. A lokacin ɗaki biyu muke haya, rufin kwano, in rana ta take sai kwanon ya riƙa ƙara shi kaɗai kamar ana tafiya a kansa.

Shekaru suka tafi. Yara suka girma, babbarsu ta samu aiki a wani ofis a Yamai, mai bi mata yana koyarwa a lekkol a Balbeji. Malam, maigidan nawa, ya ajiye tuƙi saboda ciwon baya. Muna da fili a gefen gari ta gabas wanda muka daɗe da saya, sai yaran suka ce lokaci ya yi, za su sa hannu a gina. Ɗaki huɗu, da falo, da zaure a ƙofar gida. Ɗaya daga cikin ɗakunan na Inna ne, mahaifiyar Malam, wadda ta yi rayuwarta duka tana noman gero da gyaɗa a wani ƙauye kusa da Gangara. Ƙafafunta sun yi nauyi, kuma bayan shekaru ana roƙonta ta yarda za ta dawo gari wurinmu.

Watannin da bango ya tashi amma ba a yi rufi ba, su ne na fi tunawa. Kullum bayan la'asar, in magina sun tashi, mukan taka mu je, ni da shi. Mu shiga ta inda ƙofa za ta kasance, ko da yake ta ko'ina ana iya shiga. Sama ce rufinmu. Tsattsewa na ratsa falo suna fita ta ɗakin kwana. Ƙasa na ƙamshin siminti da aka yayyafa wa ruwa. Malam ya tsaya a tsakiyar kowane ɗaki ya ɗaga kai, ya nuna mini sarari da yatsa.

"Nan sanyin zai fito, Hajiya. Da nan kuma."

Ni ma in ɗaga kai. Ba na ganin komai sai shuɗin yamma yana komawa ruwan ƙasa, amma wallahi wata rana na ji kamar wani abu mai sanyi ya taɓa mini goshi. Ban gaya masa ba. Mukan zauna kan tarin bulo har a kira magariba, kowa da gidan da yake gani a ransa.

Nawa gidan ƙarami ne. A matarnite akwai ɗakin ajiye magani, mai kilim, injin sanyaya ɗaki, guda fari a jikin bango, dogo kamar matashin kai. In na karɓi haihuwa mai wuya da tsakar rana, nakan ƙirƙiri dalilin shiga ɗakin nan, in rufe ƙofa in jingina da kabad, in tsaya har zufar wuyana ta bushe. Minti biyar, in fito wata mace daban. Ni abin da nake so ke nan. Ɗaki guda da mutum zai shiga ya huta ya fito.

Wata safiya babban maginin ya zo har gidan da muke haya ya ce aiki ya tsaya. In irin sanyin da Malam yake faɗa za a sa, dole a ƙara layin bulo biyu ko uku a sama, don a bar wuri tsakanin rufi da pulafon, wato silin. In ba shi ba ne, gobe ma zai iya ɗora katako. Shi dai a gaya masa.

Malam ya kira babbar 'yarmu, ita kuma ta ce akwai wani mai gyaran firigo da kilim a Damagaram da abokiyar aikinta ta yaba mata, za ta turo shi ya duba. Ya iso ranar Litinin da hantsi, dattijo mai furfura a gemu, da 'yar jaka da abin awo rataye a ƙugu. Bahaushe ne Kirista, ya ce shi ke kula da kilim ɗin majami'arsu da na wasu ofisoshi. Ya zagaya ginin sau biyu yana auna tagogi, ya tambayi inda rana ke faɗuwa, ya tambayi ko sau nawa kuran, wato wutar lantarki, ke ɗaukewa a unguwarmu. Da aka kira azahar ya zauna ƙarƙashin darbejiyar maƙwabta ya jira Malam ya yi salla. Na kawo fura, muka zauna mu uku kan tabarma a cikin falon da ba shi da rufi, a ɗan inuwar bangon yamma.

"Alhaji," ya ce, "abin da ka gani a arewa, santaral muke ce masa. Inji ɗaya ne babba a waje, sai manyan bututu a ɓoye cikin pulafon suna kai sanyi kowane ɗaki. Yana da kyau, ba zan ɓoye maka ba. Babu abin da ido zai gani, kuma shiru. Amma yana son kuran mai ƙarfi wanda ba ya yankewa. Yana son ƙofofi da tagogi su zauna a rufe. In ya lalace, gidan duka ya yi zafi lokaci ɗaya, kuma kayan gyaransa ba a Damagaram ba, sai an aika nesa."

"Babu wani irin kuma?" na tambaya.

"Ɗayan sipilit ne, irin wanda Hajiya ta sani a asibiti. Kowane ɗaki da nasa. Rami ɗaya ƙarami za mu huda a bango. Wanda ke son sanyi ya kunna, wanda ba ya so ya bari. In kuka sa allunan sola a kan rufi, guda ɗaya ko biyu za su yi aiki da rana ko an ɗauke wuta."

Malam yana juya ludayi cikin furarsa bai sha ba.

"Amma ana ganinsa," ya ce. "Yana maƙale a bango kamar akwati."

"Ana ganinsa, Alhaji."

"Kuma in ka fito daga ɗakin, zafi na jiranka a bakin ƙofa."

"Yana jiranka."

Ni kuma na faɗi nawa. Na ce, Malam, gidanmu yaushe ƙofarsa ta taɓa rufuwa? Matan unguwa na shigowa in duba musu ciki ko jariri, ko da na ajiye aiki. Bafillatana mai nono ta leƙo. Ranar kasuwa 'yan'uwanka na Gangara su cika tsakar gida da buhunansu. Wa zai tsaya yana bin kowa yana cewa a rufe ƙofa? Sannan ga Inna. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, wadda ko a damina take neman garwashi, za ka sako mata sanyi daga sama ba ta da hanyar hana shi? Na faɗi wannan da ƙarfin gwiwa, don na tabbata na san surukata.

Mai gyaran ya dubi Malam ya ce, "Alhaji, kada ka yanke yau. Akwai wani babban zauren taro a Damagaram da nake kula da santaral ɗinsa. Ku zo ranar Alhamis in nuna maka cikinsa. In ka gani ka ce shi kake so, ni zan sa maka, ba zan ƙara magana ba."

Muka shiga motar safe ranar Alhamis. Zauren babu kowa a ciki, kujeru jere a rufe da farin yadi. Mutumin ya kunna injin tun kafin mu iso. Muna shiga na ga fuskar Malam ta sake. Ya tsaya a tsakiya ya rufe ido, ya buɗe tafin hannunsa sama kamar mai addu'a. Gaskiya ne abin da ya yi shekaru yana faɗa. Sanyin ba ya busowa, saukowa yake yi, ba ka san ta inda ya fara ba. Na ji kunyar dariyar da na sha yi masa.

Sai mai gyaran ya jawo tsani, ya ɗaga wani murfi a jikin pulafon, ya miƙa wa Malam tocila. Na ce bayansa fa, Malam ya ce in bar shi. Ya hau a hankali har kansa da kafaɗunsa suka shige cikin ramin. Ina riƙe da ƙafar tsanin ina kallon takalmansa. Ya daɗe a can. Da ya sauko, hularsa ta kwashi yanar gizo, zufa na bin kuncinsa.

"Zafi ne a ciki," ya ce, kamar wanda aka yi wa ƙarya. "Kamar tanderu. Ga wasu manyan bututu naɗe da azurfa, sun bi ko'ina. Har jemage na gani."

"Haka cikinsa yake," mai gyaran ya ce. "Duk shekara sai an shiga an share."

A motar komawa muka samu wuri kusa da taga. Rana ta karkata, gonaki a share suna jiran ruwa, rumbuna tsaitsaye a bakin ƙauyuka. Mun wuce wasu Buzaye da raƙumansu a bakin wata rijiya kafin Malam ya yi magana.

"Hajiya, ke da kika san jikin mutum. In zazzaɓi zai saki mutum, yaya yake ji?"

Na ce zufa ta karyo masa, jikinsa ya yi sakayau, ko iskar da ba ta kai komai ba ya ji ta har cikin ƙashi.

Ya gyaɗa kai yana kallon waje. "Ina jin rabin sanyin nan da na ji a arewa, ba na injin ba ne. Ni ne na tashi na ga ban mutu ba." Ya ɗan yi murmushi. "Wannan kuwa babu wanda zai iya sa mini shi a pulafon."

Na cire masa sauran yanar gizon da ke gefen hularsa. Muna isa Tanut ya wuce wurin magini kai tsaye ya ce gobe a ɗora katako.

Sipilit biyu aka sa, ɗaya a falo, ɗaya a ɗakin kwananmu, da allunan sola shida a kan rufi. Mai gyaran ya zo da abokin aikinsa suka gama cikin kwana biyu. Ɗakin Inna ba a sa komai ba, bisa shawarata. Na zaɓa mata wanda tagarsa ke kallon gabas, na sa aka yi masa fenti ruwan ƙwai, na shimfiɗa mata katifa mai kauri, na ajiye randa a bakin ƙofa.

Ta iso farkon bazarar da ta biyo baya a motar ƙanin Malam, da ƙullin kayanta, da turminta da ta ƙi bari, da kaza biyu. Ta shiga ɗakin ta shafa bango, ta sa mana albarka. Kwana uku komai lafiya. A rana ta huɗu, bayan azahar, na kai mata kunu ban same ta ba. Na duba makewayi, na duba bayan gida wurin kajinta, na leƙa zaure. Na fara tunanin ko waje ta fita, ga shi ba ta san garin ba. Sai na tura ƙofar ɗakinmu, inda na bar kilim a kunne don Malam in ya dawo daga masallaci.

Tana kwance a ƙasa, kan tabarmar salla, daidai ƙarƙashin injin. Ta cire ɗankwali, farin gashinta na motsi kaɗan-kaɗan. Bakinta a ɗan buɗe, tana barci irin na jariran da na sha ɗorawa a ƙirjin uwayensu. Na tsaya da kwanon kunu a hannu har ya huce.

Da ta farka ta gan ni, ba ta ji kunya ba ko kaɗan.

"'Yar nan," ta ce, "wannan abin wa ya hana a sa mini?"

Na ce, "Inna, ni ce. Na ɗauka gwiwarki ba za ta so ba."

"Gwiwa ai sai a rufe ta da zane. Shekara tamanin rana na dafa mini kai a gona, ke kuma kika yanke mini cewa ban gaji ba?"

Malam ya shigo ana cikin haka, ya ji, ya yi dariya har ya dafa ƙofa. A ranar muka kwashe kayanmu muka koma ɗakin gabas, ita ta koma namu. Ya koya mata telekomand, ɗan abin kunna injin daga nesa, ya manna mata ɗan jan zare a kan maɓallin kunnawa don idonta ya gane. Ta ƙulle shi a bakin zanenta, inda take ƙulle goro.

Shi kuwa Malam, wanda ya yi shekara talatin yana mafarkin sanyi, sati biyu ya yi yana zama a falo ƙarƙashin kilim sai mura ta kama shi, bayansa ya riƙe. Ya ɗauki tabarmarsa da butar shayi ya koma zaure, inda iska ke ratsawa ta ƙofa biyu. Tsofaffin direbobi abokansa suka gano wurin, kullum suna nan suna gardamar wace rijiya ce ta fi daɗin ruwa tsakanin Tanut da Agadas. Na taɓa jin ya fara ba su labarin gidan nan na arewa, ya ba da shi yadda ya saba, bai rage komai ba.

Ɗakin Inna ya zama wurin tsofaffin unguwa. Daga azahar zuwa la'asar za ka ga takalma a bakin ƙofa, huɗu, biyar. Ba sa yawan hira. Suna kishingiɗe, wata na jan carbi, wata na ɓare gyaɗa cikin faifai, injin na ɗan huci a sama. Wani lokaci in shiga in zauna a gefe in ji kamar muna cikin kwalekwale, gidan na tafiya da mu a hankali, garin da zafinsa suna wucewa ta waje. Duk wadda ta shigo, Inna ce da kanta ke cewa, "Ja ƙofar, kada ya gudu."

A bayan ɗakin akwai wani siririn tiyo da ya fito daga bango. Watan farko a bushe yake, sai dai ɗigo ɗaya jefi-jefi wanda ƙasa ke shanyewa nan take. Inna ta lura da shi wata rana da ta zagaya ba kajinta tsaba. Ta tambaye ni ruwan daga ina, tunda ba a zuba wa injin ruwa. Na kira mai gyaran a waya, ya ce laimar da ke cikin iska ce injin ke tatsewa. In iska a bushe take, babu abin da zai fito. Na gaya mata. Sai ta sa na kawo mata wata tsohuwar tasa ta ajiye a ƙarƙashin tiyon.

Kullum bayan la'asar ta dogara sandarta ta je ta duba. Kwanaki da yawa gindin tasar kawai ke jiƙewa. Sama fara fat, babu ko ƙyallin gajimare, mutane na ta cewa bana ruwa zai yi jinkiri. Sai wata Talata ta kira ni da murya mai ƙarfi. Na je da gudu na ɗauka faɗuwa ta yi. Tana tsaye tana nuna tasar. Ruwa ya kai rabi, tiyon na ɗiga ɗis, ɗis, ba tsayawa, kaji sun kewaye suna sha.

"Kira mini ƙanin mijinki," ta ce. "Ki ce ya sauko da iri daga rumbu. Iskar ta juya."

Na kira shi na sa mata wayar a kunne. Ya ce Inna, a nan Gangara ko alama babu. Ta ce ita dai ta faɗa masa.

Ruwan farko ya zo bayan kwana tara, bai kai na shuka ba, ya dai kwantar da zafi ya tayar da ƙamshin ƙasa. Na biyu ne ya sauka sosai, da hantsi, har tsakar gidanmu ta zama tafki, Malam da abokansa suka naɗe tabarma suna ɗaga riguna. Inna ta sa aka fito mata da kujera bakin baranda, ta miƙa ƙafafunta cikin feshin.

Washegari ta ce a kai ta ƙauye ta ga shuka da idonta, sati uku kawai za ta yi. Ƙanin Malam ya zo da mota. Na haɗa mata magungunanta da zannuwa, na rakata har ƙofar gida, ta sa mini albarka, ta ce in kula mata da kaji. Sai da motar ta sha kwana na shiga ɗakinta don in gyara gado, na nemi telekomand ban gani ba. Na kira wayar ƙanin Malam, ya miƙa mata.

"Yana bakin zanena," ta ce. "Ku yi haƙuri da na falo har in dawo."